Warin Sifirit Ba Shi Ne Tsafta Ba

Ranar Juma'a da hantsi shagon askin unguwarmu ya cika kamar yadda ya saba. Yara uku na jere a kan benci, an yi musu wanka tsaf, ana so a rage musu suma kafin a tafi masallaci. Mai askin ya gama da wani dattijo, ya kakkaɓe kilifa a cinyarsa, ya ɗauko wata 'yar roba da aka huda murfinta da ƙusa, ya tsiyaya sifirit ɗin da ke cikinta a bakin kilifar, ya ƙyasta leta. Wuta shuɗiya ta tashi, da ƙyar ido ke ganinta saboda hasken rana. Nan take ya hure ta, ya dubi uban yaran ya ce, "Alhaji, ka dai ga na ƙona ta. Bismillah, babban ya fara zuwa." Uban ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Robar kuwa tana nan kusa da gwiwar hannun yaron, janareto na ruri a bakin ƙofa, jarkar fetur na jingine a bayan kujera.

A da sifirit kayan asibiti ne da shagon aski da ɗakin mai jego. Zuwan Ebola Legas a 2014 ya fara shigo da shi jakunkunan mutane, korona kuma a 2020 ta ƙarasa shigar da shi kowane lungu na gida. Annobar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yanzu da tsadar rayuwa ta sa kayan goge-goge na kanti suka fi ƙarfin aljihu, sai ka ji uwargida tana cewa ita da sifirit take goge komai: teburin cin abinci, kan murhun gas, ƙofar banɗaki, har katifa idan kuɗin cizo ya addabi gida. Dalilinta biyu ne, yana da araha kuma yana warin asibiti.

Ina ganin mun ɗora wa sifirit kayan da ba nasa ba. Yana da aikin da ya iya fiye da kowa, amma aikin ƙarami ne, kuma duk sanda aka kai shi inda ba huruminsa ba, ko dai a yi asarar kuɗi ba tare da an samu tsaftar ba, ko a jawo wa gida abin da ya fi dauɗar muni.

1. Me ke cikin kwalbar?

Abin da muke kira sifirit kala biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka yi da etanol, wato sinadarin da ke sa maye a cikin giya, sai aka gauraya shi da ɗan metanol ko wani abu mai ɗaci domin kada a sha. Akwai kuma wanda aka yi da aisofurofil, wanda tun asali ba abin sha ba ne, daga kayan man fetur ake sarrafa shi. Dukansu biyu suna kashe ƙwayoyin cuta ta hanya guda: suna narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar, su dagula abin da ke cikinta.

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kisa. Ba haka ba ne. Sifirit yana buƙatar ruwa a jikinsa kafin ya ratsa cikin ƙwayar cuta, kuma ruwan ne ke hana shi saurin bushewa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Daga kashi 60 zuwa 90 yana aiki, amma da ya sauka ƙasa da kashi 50 ƙarfinsa ya tafi, sai dai wari. Idan kwalbarka an rubuta kashi 95, ma'auni uku na sifirit da ma'auni ɗaya na ruwa mai tsabta za su ba ka kusan kashi 70. Idan kuwa dama kashi 70 ne, ƙara masa ruwa domin ya yi auki ɓata shi ne gaba ɗaya. Ga wanda ya saya a robar da ba rubutu, babu yadda zai san wanne ke hannunsa, domin hanci ba ya auna kashi.

2. Inda ya cancanci yabo

A ba shi haƙƙinsa. Ga ƙananan abubuwa masu santsi da hannu ke yawan taɓawa, waɗanda ruwa zai lalata, samun kamarsa da wuya. Wayar hannu, rimot, madannan kwamfuta, ma'aunin zafin jiki, almakashi, abin yanke farce, hannun ƙofa. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana a watan Maris na 2020 cewa ana iya goge bayan wayoyinsa da fuskarsu da ƙyalle mai aisofurofil kashi 70, muddin bai shiga ramukan caji da lasifika ba. A jiƙa auduga ko tsumma mai laushi a goge, kada a fesa kai tsaye.

Yana kuma cire abin da ruwa ya gaza: tawadar biro, rubutun maka a jikin allo ko firij, danƙon takardar farashi a jikin sabon kwano, zanen yatsu a madubi. Yana bushewa ba ya barin sawu. A gefe guda kuma yana cin fentin katako, yana busar da fatar kujera da ta takalmi har ta tsage, yana dusashe wasu robobi, yana iya ɓata rufin da ke jikin gilashin ido. Duk abin da kake jin ciwon asararsa, fara gwadawa a wani ɗan gefe da ba a gani.

3. Dauɗa sai sabulu

Nan ne muka fi kuskure, kuma nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Wankewa daban, kashe ƙwayar cuta daban. Wankewa ita ce a raba wuri da maiƙo da ƙura da ragowar abinci da jini da majina, a kwashe su a zubar. Sabulu da ruwa da ƙarfin hannu ke yin wannan, kuma a garin yin sa ake kwashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, su bi ruwan wanki su tafi. Sifirit ba ya kwashe irin wannan dauɗar. Idan ka zuba shi a kan teburin da aka yanka kaza, saman dauɗar kawai yake taɓawa, ya bushe cikin ɗan lokaci, ƙwayoyin da ke ƙarƙashin maiƙon su ci gaba da zamansu. Abin da ya ƙaru shi ne wari, da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na lokacin korona sharaɗin farko da ta kafa shi ne a wanke wuri da sabulu da ruwa, sannan a bi da maganin kashe ƙwayoyi.

Ko a wurin da aka wanke, sai ya jiƙa wurin ya ɗan jima, kamar rabin minti zuwa minti guda, kafin ya gama aikinsa. Yanzu a tuna yanayinmu. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafi na haura digiri 40. Da hunturu kuma iska busasshiya ce, tana shanye danshi nan da nan. Shafa guda da tsumma a irin wannan yanayi ba ta kai ko rabin lokacin da ake buƙata ba.

Sannan akwai ƙwayoyin da ba ya iyawa da su ko da an bi ƙa'ida. Yana kashe ƙwayar mura da korona da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da tarin fuka. Amma akwai ƙwayoyin da ke shiga ƙwanso mai tauri su kwanta shekaru a cikin ƙasa da ƙura, irin wadda ke kawo ciwon sarƙewar haƙora, waɗannan sifirit ba ya taɓa su. Wasu ƙwayoyin da ke sa yara amai da zawo su ma ba sa jin sa sosai. Saboda haka asibiti ba ya dogara da shi wajen tsarkake kayan tiyata, turara su ake yi a tukunyar tururi mai tsananin zafi.

Mu duba kwalara, cutar da ke yi mana ɓarna kowace damina. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da dubu uku suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Idan amai da gudawa ya shiga gida, abin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi a ƙasa da masai da shimfiɗar majiyyaci shi ne ruwan kulorin, wato bilic irin su Hypo da Jik. Ba wanda zai iya wanke tsakar ɗaki da sifirit. Nan ma batun arahar ya rushe. Kwalbar sifirit tana da sauƙin kuɗi idan abin da za ka goge bai fi tafin hannu ba. Idan daɓen ɗaki ne ko banɗaki, kwalba guda ba za ta kai ko'ina ba, alhali bilic mai ƙarfin kashi 5, ludayi ɗaya a cikin ludayi 49 na ruwa ya isa goge wuraren da hannu ke taɓawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan ma ko arahar babu.

Wannan ne ya sa ƙona kilifa da masu aski ke yi bai gamsar da ni ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma ƙwayarsa na iya rayuwa mako guda a busasshen jini. Tsakanin haƙoran kilifa cike yake da gashi da amosani da maiƙo. Wutar da aka hure bayan daƙiƙa biyu ba ta dafa ƙarfen ba, ta dai ƙone sifirit ɗin da ya kamata ya zauna ya yi aiki. Da mai aski zai sa buroshi ya fitar da gashin tas, ya jiƙa bakin kilifar sosai, ya ajiye ta minti guda yana aiki da ta biyu, da ya fi tsare kwastomansa ba tare da ashana ba. Wanda Allah Ya hore wa ya sayi kilifarsa ya riƙa tafiya da ita. Reza da askar wanzami kuwa, kowane kai da sabuwarsa.

4. Wutar da ba a gani

Sifirit ɗan'uwan fetur ne wajen kama wuta. Tsantsarsa tana fitar da tururin da zai iya kamawa tun daga zafin digiri 12 zuwa 13, wanda ko sanyin asubar hunturu ba kullum yake sauka ƙasa da haka ba. Wato a ɗakunanmu kusan kowane lokaci a shirye yake. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya malala, ya je ya sami garwashin turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi ko risho a can gefe, wutar ta biyo shi ta dawo har cikin kwalbar da ke hannunka. Harshenta shuɗi ne mai haske, da rana mutum na iya sa hannu a ciki bai san tana ci ba.

Ka dubi yadda kicin ɗin yawancinmu yake: ɗaki ƙarami, taga ɗaya, tukunyar gas a ƙasan tebur, uwargida da mayafi ko hijabi mai faɗin hannu, yadin kuma galibi na roba ne da ke narkewa ya manne a fata. A irin wannan wuri ne ake fesa sifirit a kan murhun da bai gama hucewa ba domin a cire maiƙon miya, aikin da ruwan ɗumi da omo za su yi ba tare da haɗari ba.

Fesa shi a katifa saboda kuɗin cizo ya fi wannan haɗari. Soso yana shanye shi ya riƙe, ɗaki ya cika da tururi, ƙwarin da ke cikin tsagar gado da bango kuma ba abin da ya same su, domin sai wanda ruwan ya jiƙa kai tsaye yake mutuwa. A birnin Cincinnati na Amurka, a ƙarshen 2017, gidaje biyu sun ƙone cikin 'yan makonni ta wannan hanya, iyalai da dama suka rasa matsuguni. Garin neman gira ake rasa ido. Shanya katifa a rana mai zafi, wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, da toshe tsagogin bango sun fi amfani.

Idan tsautsayi ya faru wuta ta kama a kwano ko kan tebur, a rufe ta da murfin tukunya ko jiƙaƙƙen bargo, kada a ɗauki abin a ruga da shi. Wanda ya ƙone a sa wurin a ruwa mai sanyi kamar minti 20 sannan a kai shi asibiti. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da gishiri duk ƙara wa ciwon wahala suke yi.

5. Gauraye-gauraye, da robar da ba rubutu

Akwai masu ganin idan abu biyu kowanne na da ƙarfi, haɗa su zai ba da wanda ya fi. Sai a zuba bilic a bokiti, a ƙara sifirit, wani har da ruwan wanke masai. Bilic da sifirit idan sun haɗu suna haifar da kulorofom, sinadarin da a da likitoci suke sumar da majiyyaci da shi kafin a daina saboda illarsa ga hanta da zuciya, tare da wasu sinadarai masu ƙona ido da maƙogwaro. Bilic da ruwan wanke masai mai tsami kuma iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi. Banɗakunanmu ƙanana ne, sau da yawa ba taga. Kowane magani a yi aiki da shi shi kaɗai, a ɗauraye da ruwa kafin a kawo wani.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne juye sifirit a robar ruwan sha ko ta lemo. Launinsa launin ruwa ne. Yaro ɗan shekara biyu da ya taso da ƙishi ba ya tsayawa shinshinawa. Mun san yadda kananzir a kwalbar lemo ya sha kai yara asibiti, to wannan ma haka ne. Kurɓa kaɗan na iya zubar da sukarin jinin yaro ya suma. Idan mai metanol ne, jiki yana juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan awa 12 zuwa 24, lokacin da iyaye suka saki jiki cewa ba komai. A babban mutum ma kamar cokali biyu na shayi na tsantsar metanol na iya makantarwa. A watan Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan sun sha ogogoro mai metanol, bayan 'yan makonni wasu gommai suka bi su a jihar Ribas. A Iran, farkon 2020, sama da mutum 700 suka mutu saboda jita-jitar cewa shan barasa na maganin korona, alhali abin da suka samu a kasuwar bayan fage mai metanol ne. Duk yaron da ya sha sifirit, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara a zauna jira. A ɗauke shi tare da kwalbar a nufi asibiti, ko da yana wasansa.

6. A jikin mutum

Goge fata lafiyayya kafin allura aikinsa ne. Zuba shi a buɗaɗɗen rauni kuwa, zafin da ake ji ba alamar magani na ci ba ne, naman da zai haɗe ciwon ne yake ƙonewa. Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi. Haka shafe jikin yaro mai zazzaɓi da shi domin ya huce: fatar yaro na tsotse shi, hancinsa na shaƙa, an sha samun yaran da suka suma ta haka. Tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi ya wadatar kafin a ga likita.

Cibiyar jariri ita ce inda iyayenmu mata suka fi sabawa da shi, kuma ya fi toka da kashin shanu da man goge baki nesa ba kusa ba. Sai dai yanzu akwai abin da ya fi shi. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta amince da man kulohezidin mai kashi 4 domin kula da cibiya, jihar Sakkwato na cikin na farko da suka fara raba shi ga masu haihuwa a gida tun 2013. Shi yana zama a fata ya ci gaba da aiki bayan an shafa, sifirit kuwa da ya bushe shi ke nan. A kula kada man ya kusanci idon jariri.

7. Shin najasa ne?

Wannan tambaya tana zuwa a duk gidan Musulmi, kuma tambaya ce mai kyau. Jumhurin malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, suna ɗaukar giya najasa. An ruwaito saɓanin haka daga Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani, waɗanda suka ce shanta ne haramun amma jikinta ba najasa ba ne. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da irin wannan sinadari a wajen jiki domin tsaftace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Aisofurofil kuma dama ba daga giya aka samo shi ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne sifirit ba ya tsarkake najasa. Fitsarin yaro a kan tabarma ruwa ne ke gusar da shi. A nan fiƙihu da likitanci sun haɗu a kan abu guda.

8. Masu kemis da hukuma

Ba uwargida kaɗai ke da laifi ba. Yawancin kwalaben da ke kasuwa gargaɗinsu da Turanci ne, da ƙananan haruffan da ko mai ilimi sai ya matso da su kusa da ido. Mai saye a kasuwar Kurmi ta Kano ko kasuwar Maraɗi ko wani ƙauye a Jigawa, wanda boko bai ratsa shi ba, da me zai san abin hannunsa na kama wuta? Ina kira ga hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta wajabta wa masu sarrafa shi abu uku a jikin kowace kwalba: yawan kashinsa da manyan lambobi, ko akwai metanol a ciki ko babu, da hoton wuta da na hana sha wanda kowa zai gane. A ƙara gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, a kayan da ake kawowa Arewa. Murfin ma a yi shi irin wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, kamar yadda ake yi wa wasu magungunan ruwa.

Masu kemis su daina tsiyaya shi daga jarka zuwa robobin ruwa suna sayarwa a buɗe, su kuma riƙa tambayar mai saye abin da zai yi da shi, kamar yadda suke tambaya idan an zo sayen maganin tari. Ƙungiyoyin masu aski da na wanzamai suna da shugabanni kuma suna taro. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi su je wajen taron nan da buroshi da kilifa biyu, su nuna yadda ake yi a aikace, a kuma roƙi kowane shago ya fitar da jarkar fetur daga ɗakin da ake aski.